Farin Ciko da Tsamin Haƙori: Abin da Ke Faruwa Bayan An Sauka Daga Kujerar Likita

Akwai wani ƙorafi da likitocin haƙori suka saba ji, kuma ya fi nauyin yadda ake ɗaukarsa. Mutum zai zo da haƙori mai kogo wanda bai dame shi sosai ba, illa dai abinci yana maƙalewa a ciki. A yi masa allura, a kankare ruɓar, a cike ramin da farin ciko mai launin haƙori. Ya duba madubi ya kasa gane inda aka yi aikin, ya biya kuɗi ya tafi yana sa albarka. Bayan kwana biyu ya kurɓi ruwan sanyi, sai wani tsami ya tsarga masa har cikin kai. Ya dawo rai a ɓace: "Likita, kafin a taɓa haƙorin nan lafiyarsa ƙalau, yanzu ko iska ba ya so."

Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Amsoshi biyu ne suka fi saurin fitowa a irin wannan zama, dukansu na gaggawa. Likita ya ce, "Malam, a ƙara haƙuri, zai daina." Mai haƙori ya ce a cire masa shi ya huta. Sau da yawa likitan ne ke da gaskiya, domin yawancin irin wannan tsami yakan lafa da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Amma ba kullum ba. Tsamin da ke biyo bayan farin ciko ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda jira ke warkarwa, akwai wanda gyaran minti biyar ke kawarwa, akwai wanda ke nufin a sake aikin daga farko, akwai kuma wanda ke sanar da cewa jijiyar haƙorin ta kama hanyar mutuwa. Kowanne da alamarsa, kuma alamun ba su fi ƙarfin fahimtar mai haƙorin ba.

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawon nan mai ƙyalli, inamel, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, babu jijiya a cikinsa, don haka ba ya jin komai. A can tsakiya akwai ɓargon haƙori, ɗan nama mai laushi inda jijiyoyin jini da na jin ciwo suke zaune. Tsakaninsu kuma dentin ne, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙori, kuma a kansa zancen nan ya ta'allaƙa. Da ido za a ɗauka dunƙulallen ƙashi ne, amma a ƙarƙashin madubin bincike cike yake da 'yan siraran ramuka da suka taso daga ɓargo suka nufi waje. A kusa da inamel akan sami kimanin 20,000 a cikin murabba'in milimita guda. A kusa da ɓargo sukan kai 45,000, kuma a can sun ninka faɗi. Kowanne cike yake da ruwa.

A shekarun 1960 wani likita ɗan Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana yadda wannan ruwa ke haddasa ciwo, kuma har yau bayaninsa ne aka fi yarda da shi. Ya lura cewa in aka hura iska a kan dentin da ke buɗe, ko aka ɗora masa busasshiyar takarda mai shan ruwa, mutum yakan zabura, alhali ba abin da ya taɓa jijiyar kanta. Abin da ke faruwa shi ne ruwan cikin ramukan yana motsawa da sauri, motsin kuma yana taɓo bakin jijiyoyin da ke gindinsu. Sanyi yana sa ruwan ya ja waje da gaggawa, shi ya sa sanyi ya fi abu mai zafi tayar da tsami. Sukari ma yana jan ruwan zuwa gare shi. Matsi kuma yana tura shi. Duk wanda ya riƙe wannan bayani ya riƙe rabin zancen: muddin bakin ramukan nan bai toshe da kyau ba, ko an bar wani fili a ƙarƙashin ciko inda ruwa zai yi kai-kawo, haƙori zai yi magana.

Tsohon ciko, amalgam, wanda mutane suka fi sani da baƙin ciko ko na azurfa, ba ya manne wa haƙori. Likita ne ke sassaƙa ramin ta yadda cikinsa ya fi bakinsa faɗi, ya danna garin ƙarfen a ciki, ya daskare ya kasa fita. Farin ciko, wato kwamfozit, aikinsa daban ne, domin manna shi ake yi. Tushen dabarar ya faro ne a 1955, lokacin da Michael Buonocore, wani mai bincike a birnin Rochester na Amurka, ya ari wata hikima daga masana'antu, inda ake wanke ƙarfe da asid kafin a shafa masa fenti don fentin ya kama. Ya gwada asid ɗin fosforik a kan inamel, ya ga roba ta kama shi gam. A 1962 Rafael Bowen, shi ma a Amurka, ya yi rajistar sinadarin Bis-GMA, wanda har yanzu shi ne ginshiƙin yawancin farin ciko: ruwan roba mai kauri da aka cakuɗa da garin gilashi. Masana daga Japan, musamman Takao Fusayama da Nobuo Nakabayashi, su suka kai dabarar ga dentin. A 1982 Nakabayashi ya bayyana yadda gam ɗin da ake manna cikon da shi ke ratsa saman dentin ya haɗe da zarurrukansa su zama abu guda.

Me ya sa wannan ciko ke mamaye ko'ina yanzu? Kyau yana ciki, ba shakka, kuma ba ya buƙatar a sassaƙe lafiyayyen haƙori don a sama masa wurin zama. Amma akwai dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi. Kusan rabin amalgam zaiba ce. A 2013 ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Minamata, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da gubar zaiba daga wata masana'anta ta nakasa mutanensa a shekarun 1950. Ta fara aiki a 2017, Najeriya da Nijar duk suna cikinta, kuma ta buƙaci a riƙa rage amfani da amalgam. Norwe ta hana shi tun 2008, Suwidin a 2009, Tarayyar Turai kuma daga farkon 2025, in ban da inda likita ya ga larura. Babban abin da ake gudu shi ne zaibar da ke kwarara cikin ruwa da ƙasa. Wannan na nufin farin ciko ba zaɓin masu hali ba ne kawai, shi ne abin da zai zama na kowa, don haka sanin halinsa ya zama dole.

Halinsa na farko, wanda ya fi ba likitoci wahala, shi ne tsukewa. Da laushinsa ake sa shi a rami, sannan a haska masa shuɗiyar fitilar nan, ya daskare cikin daƙiƙoƙi. Yayin daskarewar ƙwayoyinsa suna matsowa kusa da juna, sai girmansa ya ragu da kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Adadin kamar ba komai ba, amma cikon manne yake da bangon rami ta kowane ɓangare, yana jan kowane bango zuwa tsakiya. Duk wanda ya taɓa ganin yaɓen laka mai kauri ya bushe ya ɗago daga jikin bango ya ga abin da ake tsoro. In gam ɗin ya fi ƙarfi, bangon haƙorin ne zai ɗan lanƙwaso, wani lokaci har inamel ya yi 'yan tsage-tsage a bakin ciko. In tsukewar ta fi ƙarfi, cikon ya ɗago daga ƙasan ramin ya bar wani siririn fili da ido ba ya gani, hoto ma ba ya nunawa. Ruwan dentin ya cika wannan fili. Daga nan duk sanda mutum ya tauna abu a kan cikon, sai ya danna ruwan cikin ramukan, jijiya ta amsa.

A 1987 masu bincike uku a Amsterdam, Feilzer da De Gee da Davidson, suka nuna cewa siffar rami tana da hannu a wannan. Yawan bangon da ciko ya manne da shi, in aka gwada da fuskar da ke sake, shi ke ƙara ƙarfin jan. Ramin da ke tsakiyar saman turmi, wato haƙorin tauna na baya, yana da bango huɗu da ƙasa ɗaya, biyar ke nan, fuska ɗaya tak ce a buɗe. Shi ya sa ɗan ƙaramin rami a saman turmi, wanda ake gani kamar shi ne mafi sauƙin aiki, yakan zo da tsamin da babban gyara a haƙorin gaba bai zo da shi ba. Maganin da aka daɗe ana koyarwa shi ne a riƙa sa cikon kaɗan-kaɗan, kowane hawa kada ya wuce milimita 2, a haska, a ƙara wani. Akwai sababbin nau'o'i da aka ƙera don a zuba milimita 4 zuwa 5 a lokaci guda, amma ba kowane farin ciko ne irinsu ba. Likitan da ya dunƙula na gama-gari ya cusa a rami mai zurfi ya haska sau ɗaya ya bar ƙasan cikon bai nuna ba, kuma ragowar sinadarin da bai daskare ba yana iya sauka ta ramukan dentin ya fusata ɓargo.

Halinsa na biyu shi ne ƙyamar yawu da jini. A nan aikin yake da tsauri ƙwarai. Asid ɗin da ake shafawa, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin 100, yana wanke dattin da injin kankara ya bari, wanda shi ne ya toshe bakin ramukan dentin. Wato da gangan likita yake buɗe ƙofofin da ke kai wa ga jijiya, bisa alkawarin zai sake rufe su da gam. In asid ya wuce daƙiƙa 15 ko makamancin haka a kan dentin, zai ci zurfin da gam ba zai kai ba. In aka busar da wurin fiye da kima, zarurrukan dentin su kwanta su hana gam shiga. In aka bar ruwa ya yi yawa, gam ɗin ya tsinke. In yawu ko jinin dasashi ya taɓa wurin ko da na ƙiftawar ido ne, mannewar ta raunana. Tun 1864 wani likita a New York, Sanford Barnum, ya fito da shimfiɗar roba da ake huda wa rami a zura haƙori ta ciki, ta raba shi da sauran baki. Ta haura shekara 150, ba ta da tsada, amma har yau likitoci da dama a duniya ba sa sa ta, saboda tana cin lokaci kuma wasu majinyata ba sa son ta. Wannan sakaci ne da ya kamata a daina yi wa uzuri, musamman a turamen ƙasa inda yawu ke taruwa.

Zafi ma yana da nasa rabo. A 1965 Zach da Cohen suka gwada a kan haƙoran birai, suka ga cewa ƙarin zafi na digiri 5.5 kacal a cikin ɓargo ya kashe shi a kashi 15 cikin 100 na haƙoran. Ana ta muhawara kan ko adadin ya dace da ɗan Adam daidai, amma darasin ya zauna: injin da ke kankara ba tare da isasshen feshin ruwa ba, ko fitila mai ƙarfi da aka daɗe ana haskawa a rami mai zurfi, suna iya gasa jijiya.

A ƙasar Hausa waɗannan sharuɗɗa suna haɗuwa da yanayin wuri. Farin ciko yana buƙatar na'urar zuƙe yawu, da iska mai tsabta, da fitila mai cikakken ƙarfi, dukansu kuma da lantarki suke aiki. Fitilar da batirinta ya yi sanyi, ko bakinta ya yi datti, za ta ba da shuɗin haske kamar kullum, saman cikon ya yi tauri, ƙasansa kuwa da saura. Gam ɗin kansa akwai sinadarai masu saurin tashi a cikinsa, kuma kamfanonin da ke yin sa suna son a ajiye shi a wuri mai sanyi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kwalbar da ta kwana a ɗakin da ba wuta, ko aka bar ta a buɗe, ba lallai ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba. Ba zargin likitocinmu ake yi ba, da yawansu suna aiki mai kyau cikin ƙunci. Abin nufi shi ne duk hukumar da ke shirin raba asibitoci da amalgam, wajibi ne ta haɗa da tanadin abin da magajinsa ke buƙata, in ba haka ba an sauya abu mai yafiya da wanda ba ya yafe kuskure.

Sai dai duk da wannan, babban abin da ke hasashen tsami ba daga hannun likita yake ba, daga zurfin ramin yake. An riga an ga cewa ramukan dentin sun fi yawa kuma sun fi faɗi a kusa da ɓargo. Ƙari a kan haka, ruɓar da ta yi zurfi ta riga ta aika gubar ƙwayoyin cuta zuwa ɓargon tun kafin a zo asibiti, ya kumbura a ɓoye. Allura da kankara da asid sai su zama ƙarin nauyi a kan wanda ya riga ya gaji. Mutanenmu kuwa ba kasafai suke zuwa wurin likitan haƙori ba sai ciwo ya hana barci, bayan an gwada kanumfari da ruwan gishiri da magungunan kemis. Saboda haka yawancin ramukan da ke isa kujerar likita masu zurfi ne, kuma a irinsu ba wanda zai iya yin alkawarin cewa jijiya za ta tsira. Likitan kirki yakan faɗi haka tun kafin ya fara, ya nuna hoton, ya ce, "Hajiya, ramin ya kusa jijiya, za mu gwada ciko, amma mai yiwuwa daga baya sai an yi wankin jijiya, wato a cire jijiyar a bar haƙorin." Wannan jimla guda tana hana rigima mai yawa. Ilimin ma ya sauya a nan. A da ana koyar da a kankare duk wani dentin mai laushi ko da za a huda ɓargo. Yanzu shawarar masana ita ce a rami mai zurfi a tsabtace gefuna sarai, a bar ɗan abin da ke daf da ɓargo, a rufe shi ruf, domin ƙwayoyin cutar da aka yanke wa abinci ba sa ci gaba.

To, yaya mai haƙori zai karanta nasa ciwon?

In tsamin na sanyi ne ko zaƙi, mai kaifi, yana zuwa nan take ya wuce cikin daƙiƙa kaɗan da an kawar da abin da ya tayar da shi, kuma yana raguwa daga mako zuwa mako, wannan ɓargo ne da ya fusata amma zai huce. Haƙori yana da dabarar kare kansa: yakan gina sabon dentin ta ciki daidai inda aka taɓa shi, sai dai ginin makonni yake ɗauka. A wannan tsakani mutum zai fi jin abin da asuba lokacin hunturu, wajen kurkure baki a alwala ko in iska ta bugi haƙori a kan babur, da kuma lokacin buɗa-baki in an kai ruwan ƙanƙara baki. Ruwa mai ɗumi-ɗumi yana rage wahalar. Zoɓo da tsamiya da lemon tsami da lemon kwalba suna ƙara buɗe ramukan dentin, don haka a sassauta musu, kuma kada a goge baki nan take bayan an sha su. Goge haƙori da gawayi ko toka ko gishiri yana kankare wuyan haƙori, ya ƙara wani tsamin a kan na ciko.

In kuwa ciwon na haɗa haƙora ne, mutum yana jin wannan haƙorin ne ke fara taɓa na sama kafin sauran, to cikon ya yi tudu. Wannan shi ne mafi sauƙin dalili, kuma yana da yawa. Lokacin da likita ya sa takardar nan mai launi ya ce a ciza, bakin a mace yake da allura, mutum bai san yadda yake cizo ba. Tudun da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya sa duk nauyin muƙamuƙi ya sauka a haƙori guda, jijiyoyin da ke riƙe da saiwarsa su yi tsami, har ya fara jin sanyi ma. Jira ba ya maganin wannan, domin farin ciko ba ya saurin cinyewa. Komawa ake yi a rage tudun, aikin 'yan mintoci, galibi ba a ma buƙatar allura. Abin takaici ne a ce mutum ya yi wata guda yana tauna da gefe ɗaya saboda abin da bai kai a kira shi aiki ba.

Akwai ciwon tauna na daban, mai kaifi, wanda ke zuwa sai ƙwayar abu mai tauri, kamar aya ko gyaɗa ko ƙashi, ta faɗa daidai tsakiyar cikon. In cizo daidai yake amma wannan bai daina ba, zargi yana komawa kan filin nan na ƙarƙashin ciko, kuma maganinsa a cire a sake. In zafin ya fi zuwa lokacin da aka saki cizon, likita zai nemi tsaga a jikin haƙorin. Wani kuma ciwon ba na haƙori ba ne sam, na dasashi ne. Farin ciko ya fi amalgam wuyar matsewa da haƙorin da ke maƙwabtaka da shi, in aka bar 'yar ƙofa a tsakani sai zaren nama ya riƙa cusawa a ciki a kowane cin abinci. Mai cin tsire ko kilishi zai gane wannan da wuri. Sakace da tsinke ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara raunata dasashin.

Wanda ba a wasa da shi shi ne ciwon da ke zuwa da kansa ba tare da an taɓa komai ba, mai zugi, mai tayar da mutum cikin dare, ko wanda ke daɗewa rabin minti ko fiye bayan sanyi ya wuce, ko wanda shayi mai zafi ke tayarwa ruwan sanyi kuma ya kwantar. Wannan ɓargo ne da ya wuce matakin hucewa. Yana cikin ɗaki mai bangon ƙashi, ba shi da wurin kumbura. Wani lokaci bayan kwanakin azaba sai ciwon ya ɗauke ɗif, mutum ya yi hamdala, alhali jijiyar ce ta mutu, kuma ƙwayoyin cuta suna kan hanyarsu zuwa ƙarshen saiwa. In fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko buɗe baki da haɗiya suka yi wuya, wannan na asibiti ne a ranar, domin kumburin ƙasan muƙamuƙi yana iya toshe numfashi.

Game da magunguna, gaskiyar ba ta da daɗin ji ga masu son sayen sauƙi a kemis. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ba ya warkar da tsamin ciko, ba ya kuma kwantar da ɓargon da ya kumbura, kuma Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fito da wannan ƙarara a jagorarta ta 2019. Shansa ba bisa ƙa'ida ba ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai kawai yake yi. Farasitamol ko ibufurofen suna rage zafi na 'yan kwanaki, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, su nemi shawara kafin su taɓa ibufurofen da danginsa. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi. Man goge baki na masu tsamin haƙori, mai sinadarin fotasiyam naitiret kashi 5 cikin 100, yana taimakawa in aka lizimce shi safe da dare na kimanin mako biyu, amma inda dentin ke buɗe a wuyan haƙori yake aiki. Ba ya kai wa ga filin da ke ƙarƙashin ciko, ba ya rage tudu.

Kanumfari yana da labari na musamman. Man da ke cikinsa, yujinol, da gaske yana kwantar da jijiya, likitoci ma sun daɗe suna haɗa shi cikin cikon wucin gadi. Sai dai wannan man yana hana roba daskarewa yadda ya kamata. Wanda ya cusa kanumfari ko mansa a kogon haƙori kafin ya zo, ya kyautu ya gaya wa likita, don a wanke ramin sosai kafin a sa gam.

Su ma likitoci suna da abubuwan da suka yi imani da su waɗanda bincike bai mara wa baya sosai ba. An daɗe ana cewa sabon nau'in gam da ba a wanke asid ɗinsa ya fi rage tsami. A 2015 wata tawaga daga Birazil ƙarƙashin Alessandra Reis ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan turame, ta ga babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin nau'o'in biyu. Haka nan shimfiɗar da ake sa wa a ƙasan rami kafin ciko, nazarin cibiyar bincike ta Cochrane bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa tana hana tsami ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne natsuwar hannun da ya yi aikin ta fi sunan kwalbar da aka buɗe tasiri. Cibiyar ta kuma duba manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a kan yara, ɗaya a Lisbon ta Fotugal ɗaya a arewa maso gabashin Amurka, ta ga farin ciko a turame ya kusa ninka amalgam wajen lalacewa, galibi saboda sabuwar ruɓa a gefensa. Kayan da aka yi amfani da su a lokacin sun tsufa, na yanzu sun fi su. Duk da haka, wanda ke da tsohon baƙin ciko lafiyayye, ba ya ciwo, ba ya yoyo, ba shi da dalilin cire shi don kwalliya. Kowace sauyawa tana cin wani ɓangare na haƙorin, tana ƙara kusantar jijiya.

Akwai kuma ciko na uku da ya cancanci a fi saninsa a nan, gilas ayonoma, wanda Wilson da Kent suka ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1970. Yana kama haƙori da kansa ba tare da asid mai ƙarfi ba, yana jure ɗan danshi, yana sakin fuloraid, kuma ba kasafai yake jawo tsami ba. A kansa aka gina dabarar cike haƙori da kayan hannu zalla, ba inji ba lantarki, wadda Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Bai kai kwamfozit ƙarfi da kyau ba, kuma a babban rami yakan cinye da wuri. Amma a ramin da ya gangara ƙarƙashin dasashi inda ba za a iya busarwa ba, ko a bakin yaron da ba zai zauna shiru ba, ko a asibitin karkara, ya fi farin cikon da aka manna a cikin yawu.

Idan mai tsami ya koma, akwai matakai da yawa kafin a kai ga filaya. Likita zai duba cizo ya rage tudu. Zai gwada sanyi a kan haƙorin da maƙwabtansa, domin ba kullum wanda aka cike ne mai laifin ba. Zai iya sake shafa gam a gefunan ciko, ko ya cire shi ya sa na wucin gadi ya ga ko haƙorin zai huce, sannan ya sake na dindindin. In ɓargo ya riga ya tafi, wankin jijiya yana ceton haƙorin ya ci gaba da tauna shekaru. Tsadarsa ce ke sa mutane da yawa su zaɓi cirewa, kuma ba za a ga laifin wanda aljihunsa bai kai ba. Sai dai ya kamata a gaya masa abin da zai biyo baya. Turmin farko, wanda ke fitowa tun yaro yana shekara shida, yana cikin haƙoran da suka fi ruɓa, aka fi cikewa, aka kuma fi cirewa. In ya tafi, na bayansa yakan kwanto cikin giɓin, na samansa ya zazzago, abinci ya sami sababbin wuraren maƙalewa, kuma kuɗin dasa wani a gurbinsa ya ninka na wankin jijiyar da aka guda.